A tambayi mara lafiya kafin a ɗora masa hannu

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan sana'ata, wato tausa, domin abin da nake gani yana faruwa a cikinta kwanan nan ya hana ni sakat.

Ni mace ce, haifaffiyar cikin birnin Kano, kuma a hannun kakata na fara koyon wannan aiki. Unguwarzoma ce. Ita ke yi wa matan unguwarmu wankan jego, ita ake kira idan tsohuwa ta kwana da ciwon ƙugu, ni kuma ke binta da kwalbar man kaɗanya. Bayan na yi aure Allah Ya haɗa ni da wata likitar fisiyo da ta yi ritaya daga sashen gashin ƙashi, na zauna a ƙarƙashinta ina yi mata hidima, tana nuna mini abin da kakata ba ta samu damar sani ba: sunan ƙashi da tsoka, hanyar da jini ke bi ya koma zuciya, da alamun da in ka gan su dole ka janye hannunka. Yau da wannan sana'a nake riƙe da 'ya'yana. Mata kaɗai nake yi wa, masu jego da tsofaffi da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, wasu a ɗakin da na keɓe a gidana, wasu in bi su har gida.

Duk mai buɗe Facebook ko TikTok ya ga yadda tallar gidajen tausa da gyaran jiki ta cika ko'ina, tun daga na manyan unguwanni masu na'urar sanyaya ɗaki har zuwa yarinyar da ke saɓa jaka tana bin gidaje. Ba na baƙin ciki da haka. Sana'a ce ta halal, kuma mutanenmu suna buƙatarta, daga telar da ke wuni a kan keke zuwa uwar da ke goyo tana daka. Damuwata ita ce ana koya wa yara motsin hannu cikin 'yan makonni, a miƙa musu takardar shaida, a sake su a kan jikin bayin Allah, ba tare da an gaya musu akwai jikin da ba a taɓawa ba. Wasu daga cikinsu sun zo neman aiki wurina. Yara ne masu ladabi, hannunsu da laushi, sun iya jera mai da kunna turaren wuta. Amma in na tambaye su me za su yi idan mai jego ta zo da ƙafa ɗaya a kumbure, sai su ce za su murza ta sosai har kumburin ya sauka. Wannan amsar tana iya kashe mutum, kuma ba laifin yaran ba ne, laifin wanda ya karɓi kuɗinsu ne bai gaya musu ba.

Ga dalilin da ya sa na ce haka. An taɓa kirana wani gida a bayan gari, yarinya ce haihuwar fari, an yi mata aiki aka ciro ɗan, ba ta kai sati biyu ba. Uwar mijinta ce ta aiko, dattijuwa mai son surukarta, ta ce ƙafar yarinyar ta yi nauyi, sanyi ne ya shige ta, in zo in gasa in tausa. Na tarar har an ɗora ruwa a murhu. Na ce a buɗe mini ƙafafun duka biyu in gani, domin ba a duba ƙafa ɗaya ita kaɗai. Ta dama lafiya lau, idon sawu a fili. Ta hagu kuwa daga sha-raɓa har bayan gwiwa ta cika tana sheƙi, na ɗora bayan hannuna na ji ta fi ɗayar zafi, kuma yarinyar ta ce in ta taka ji take kamar an ɗaure naman da igiya. Na tambaye ta ko ta bugu ko ta gurɗe, ta ce a'a, da shi ta wayi gari shekaranjiya. Na rufe kwalbar man na mayar jaka.

Dattijuwar ta ce, “Haba 'yar nan, mun kira ki ki taimaka mana, ko kuɗin ne bai yi miki ba?”

Na ce, “Hajiya, wallahi ko kyauta ba zan taɓa ƙafar nan ba, kuma don Allah kada kowa ya taɓa ta. A sauke ruwan nan, a kira mijinta ya kai ta asibiti yanzu, kada a bari sai gobe.”

Ranta ya ɓaci, na ga alama. Ta ce su ma haka suka haihu, da ruwan zafi da tausa aka warkar da su. Na zauna a gefen tabarmarta na yi mata bayani kamar yadda aka yi mini. Jinin mai ciki da mai jego ya fi saurin daskarewa, hikima ce ta Ubangiji don kada ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa. Amma wani lokaci sai ya daskare a cikin babbar jijiyar ƙafa, musamman a makonni 6 na farko bayan haihuwa, kuma wadda aka yi wa tiyata ta kwanta ba ta motsi ta fi shiga haɗari. In aka murza wurin da ƙarfi, gudan jinin na iya ɓallewa ya bi hanya ya wuce zuciya ya toshe jijiyar huhu. Daga nan sai numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗaure, wani lokaci kafin a samo mota an rasa rai, mutane su ce ai lafiyarta ƙalau yanzun nan. Dattijuwar ta yi shiru, sannan ta ce a miƙo mata wayarta. A asibiti aka yi hoton jijiyar aka ga gudan jinin, aka ɗora yarinyar a kan allurar tsinka jini. Ban samu ko sisi a gidan ba ran nan, kuma da yardar Allah haka zan sake yi duk lokacin da na ga irin wannan ƙafa.

Irin wannan kumburin ba mai jego kaɗai yake kamawa ba. Bayan aikin Hajji da Umara nakan samu kira da yawa, tsofaffi sun dawo ƙafa ta gaji da ɗawafi da tafiyar Mina. Mafi yawansu gajiya ce kawai, kuma tausa mai sauƙi tana yi musu daɗi ƙwarai. Amma zaman jirgi na awa 4 ko fiye ba motsi shi ma yana daskarar da jini, saboda haka doka ɗaya ce: in ƙafa ɗaya ce ta kumbura, da zafi da ciwo, asibiti tukuna.

Shi ya sa nake cewa aikinmu da baki yake farawa. Kafin mace ta kwanta a kan katifata sai mun zauna mun yi magana, kuma ina da littafi irin na 'yan makaranta da nake rubuta amsarta da kwanan wata. Ina ne ke ciwo, tun yaushe, me ya jawo shi? Kina da hawan jini ko ciwon suga ko sikila? Akwai ciki, ko kina zaton akwai? An taɓa yi miki aiki? Wane magani kike sha? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin mai shan maganin tsinka jini in aka danna ta da ƙarfi sai jini ya taru a ƙarƙashin fata. Sannan in taɓa goshinta. Mai zazzaɓi ba a yi mata tausa, ciwon jikinta na iya zama maleriya ko taifod, gwaji take buƙata. Wasu matan sukan ƙosa, su ce ni dai a matsa mini kafaɗa in tafi. Nakan ce, “Yaya, ki yi haƙuri, minti biyar ne, kuma don ke nake yi.” Ba a taɓa samun wadda ta fita don na yi mata tambaya ba, sai ma su dawo da 'yan'uwansu.

Sai maganar zafi, wadda a nan ne na fi samun saɓani da iyayenmu mata. Mu Hausawa mun yarda da gashi, kuma ɗumi yana sakin tsoka, wannan gaskiya ne. Amma ɗumi daban, ƙuna daban. Na ga bayan masu jego da ya saluɓe saboda an tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa an fyaɗa musu, ana ce musu su daure, haka ake yi. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya da ke kama matanmu bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Mai jegon da ƙafafunta biyu suka kumbura, tana haki in ta ɗan yi tafiya, ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo, tana tari da dare, zuciyarta ce ke neman taimako, kuma babu man da zai sauke wannan kumburi. Haka mai ciwon suga da ya daɗe: jijiyoyin tafin ƙafarta sukan mutu, ba ta jin zafi yadda ya kamata. Za ki tsoma ƙafarta a ruwa ki tambaye ta, ta ce bai yi zafi ba, a ƙara. Washegari ƙafa ta yi bororo, ga shi ciwon mai suga ba ya saurin warkewa, daga nan har a kai ga yanke yatsa. Ni da gwiwar hannuna nake gwada ruwa, ba na dogara da abin da mai suga ta gaya mini, kuma ina duba tsakanin yatsunta kafin in shafa komai. Mai sikila kuwa ɗumi da shafa a hankali suna rage mata raɗaɗi, ba a sa mata ƙanƙara, amma da zarar ciwon ya zo da zazzaɓi ko ciwon ƙirji, maganar ta bar hannuna.

Masu shanyewar ɓarin jiki su ne suka fi ba ni tausayi, domin su ne aka fi cuta da sunan taimako. Hannun da ya shanye, tsokar da ke riƙe kan ƙashin a cikin gurbin kafaɗa ta saki, nauyin hannun kansa yana janyo shi ƙasa. In ki sa yatsa a saman kafaɗar sai ki ji rami ya buɗe tsakanin ƙashi da ƙashi. Sai ga shi an kawo mai tausa, ko wani ƙaƙƙarfan ɗa a gidan, yana jan hannun yana ɗaga shi sama da ƙarfi wai don jijiya ta miƙe, ko kuma da wannan hannun ake fizgo Inna duk lokacin da za a tayar da ita zaune. Ita kuwa bakinta ya karkace, ba ta iya cewa a daina, sai hawaye. Bayan wata ɗaya kafaɗar ta zama abin da ko riga ba a iya sa mata sai da kuka. Abin da aka koya mini shi ne a tallafi hannun da filo, a riƙe shi daga gwiwar hannu da allon kafaɗa in za a motsa, a tsaya daidai inda fuskarta ta nuna ciwo. A riƙa juya ta kamar bayan kowace awa 2 saboda gyambon kwanciya, kuma in fatar ƙugu ko ta diddige ta sauya launi, kada a murza wurin, a ɗauke masa nauyi kawai. Sannan ina gaya wa iyalin gaskiya, cewa tausata tana rage sanƙarewa, tana sa ta ji daɗin jikinta ta yi barci, amma koyon zama da tsayuwa da tafiya aikin likitan fisiyo ne, su kai ta, kuma kada su daina ba ta maganin hawan jini don wani ya ce zai warkar da ita cikin kwana bakwai.

Akwai kuma wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane, cewa tausar da ba ta yi zafi ba ba ta yi aiki ba. Saboda ita ne tsohuwa ke kwanciya rub da ciki ta ce jikanta ya hau ya tattaka mata baya. Macen da ta daɗe da daina al'ada ƙashinta yakan yi rauni, haƙarƙari ko ƙashin baya na iya tsagewa da nauyin da ba zai yi wa budurwa komai ba. Saboda ita ne kuma wasu masu aski ke kama kan mutum bayan sun gama su murɗa wuyansa har ya yi ƙara, samari suna jin daɗi. Ta cikin ƙasusuwan wuya jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka bi. Ba kullum ake samun matsala ba, amma an san murɗar wuya ta yaga irin wannan jijiya ta jawo shanyewar jiki ga mai ƙuruciya, to me ya kai mai aski can? Ciwon baya ma ba duka ne na gajiya ba. Wanda ya zo da rama da gumin dare na iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Wanda ya zo da mutuwar ƙafafu, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba a sani ba, laka ce ko jijiyoyinta suka matsu, wannan na gaggawa ne. 'Yan'uwanmu masu ɗori su ma ina roƙonsu da girmamawa, domin na san akwai gwanaye a cikinsu da suka gāji abin kaka da kakanni: in yatsun yaro suka kumbura suka yi sanyi bayan ɗauri, yana kukan da ya wuce na karaya, a kwance nan take a tafi asibiti. Asibitin ƙashi na Dala yana nan tun 1959, kuma duk wanda ya taɓa jinya a can ya ga yaran da suka rasa hannu saboda ɗaurin da ya tsananta.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, wato sutura da amana. Macen da ta cire mayafinta ta kwanta a gabanki ta ba ki abin da ba ta ba kowa sai mijinta da likita. Ni ƙa'idata, ita ke tuɓe abin da ta yarda ta tuɓe, ina fita in ja labule har sai ta kwanta ta rufa da zane ta ce in shigo. Wurin da nake aiki a kai shi kaɗai nake buɗewa, in na gama in rufe kafin in buɗe wani. Kafin in koma cinya ko ƙasan mara sai na faɗa mata na jira amsa. In ta ce a bar nan, an bar shi ke nan, ba gardama, ba “ai duk mata ne”. Yara ba sa shigowa, waya tana cikin jaka. Ina ganin bidiyon da ake sawa a intanet na bayan mata da cinyoyinsu ana shafa musu dilka don talla, an ɓoye fuska wai ba za a gane ba. Mace tana gane zanen gadon ƙawarta, balle tabon jikinta. Ko da ta ce ta yarda, sau da yawa kunya ce ta hana ta musawa tana kwance a hannunki.

Sannan baki. Mace in jikinta ya saki, zuciyarta ma takan saki. A kan katifar nan na ji maganar kishiya, na ji ta rashin haihuwa, na ga shatin duka a bayan matan da a waje kowa ke sha'awar aurensu. Mai tausa tana shiga gida goma a sati, in ba ta da riƙon sirri ta fi kowa iya raba zumunci. Kakata takan ce mana abin da ido ya gani a ɗakin mai jego a bakin ƙofa ake ajiye shi. Wadda na ga alamar ana cutar da ita, ita nake yi wa magana a keɓe, in tambaye ta ko akwai babba a danginta da take so a sanar, ba na ɗauka in kai gidan biki.

Ba zan ɓoye ba, akwai wuraren da suka fake da sunan tausa suna wata harka daban, kuma su ne suka sa in yarinya ta ce sana'arta ke nan sai a bi ta da wani irin kallo. Wake ɗaya ke ɓata gari. Na san yara mata da aka kira aiki a otal ko a wani gida da sunan matar gida ce ke so, suka je suka tarar da namiji shi kaɗai. Duk mai ɗaukar yara aiki haƙƙinta ne ta san inda take tura su, ta yi magana da matar gidan da kanta, kada ta tura yarinya ita kaɗai gidan da ba a sani ba, kuma ta gaya mata cewa in ta ga abin da bai kwanta mata ba ta ɗauki jakarta ta fito, ba za a cire mata ko kwabo ba. Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, wannan shi ne addininmu da al'adarmu, kuma akwai maza masu tausa nagari da ke buƙatar ciniki.

'Yar ƙanwata da ke karatun fisiyo a Jami'ar Bayero ta ba ni wani tarihi da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. A shekarar 1894 sunan tausa ya ɓaci a birnin Landan, har mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya ta yi rubutu tana fallasa gidajen da ke karuwanci da sunanta da masu sayar da takardun shaida na bogi. A wannan shekarar wasu mata huɗu, ma'aikatan jinya da ungozomomi, suka haɗu suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa. Suka sa jarrabawa, har da ilimin sassan jiki, suka kafa dokoki: ba a yi wa mara lafiya tausa sai da umarnin likita, mace ba ta yi wa namiji tausar jiki gaba ɗaya, ba a talla sai a jaridun likitoci. A 1920 masarautar Ingila ta ba su takardar amincewa, a 1944 kuma ƙungiyar ta ɗauki sunan da take da shi yau na ƙungiyar likitocin fisiyo. Ashe aikin da muke gani da farar riga a asibiti daga irin hannunmu ya taso, kuma masu sana'ar ne da kansu suka tashi suka tsarkake ta, ba su jira an zo an rufe su ba. Mu kuwa muna da abin da ya riga wannan da ƙarnoni, hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ke ɗauke da alhakin abin da ya biyo baya. Duk mai tallar cewa tausarta na warkar da ciwon suga, ko ƙarin mahaifa, ko tana buɗe bakin mahaifa a samu ciki, ta auna kanta da wannan hadisi. Abin da na sani tausa na yi shi ne ta sassauta tsokar da ta ɗaure, ta rage ciwon baya da na wuya na ɗan lokaci, ta kwantar da hankali, ta kawo barci. Wannan ma ba ƙaramin alheri ba ne ga matar da ta yi wata ba ta rintsa ba, kuma ya isa a ci halal da shi ba sai an ƙara ƙarya ba.

Tsafta ba ta buƙatar dogon bayani. A yanke farce, a cire zobe da awarwaro, a wanke hannu da sabulu a gaban mai zuwa, a shimfiɗa wa kowa wankakken zane da tawul nasa, domin ƙazuwa da makero ta nan suke yawo. Mai kuma a san abin da ke cikinsa. Man kaɗanya da man zaitun da man kwakwa sun ishe ni. Haɗin da ba shi da suna ba shi da lambar NAFDAC ba ya hawa jikin kowa a ɗakina, man zafi kuma ba a sa shi a kan rauni ko a jikin jariri. Masu haɗa tausa da ƙaho su buɗe sabuwar reza a gaban mutum, saboda ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi. Kuɗi a faɗe shi tun kafin a fara, da tsawon lokacin da za a ɗauka, kada a bari sai mace ta shafe da mai sannan a ce akwai ƙari.

Roƙona ga hukuma kaɗan ne, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Tun 1988 Najeriya ke da hukumar MRTB mai yi wa likitocin fisiyo da takwarorinsu rajista, saboda haka wanda ya kira kansa likitan gashin ƙashi a tambaye shi lasisinsa, haƙƙin mara lafiya ne. Mu kuma masu tausar gida da na shaguna, ina kira ga ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu, PHIMA, su san da zamanmu, su rubuta sunayenmu unguwa-unguwa, su shirya mana bita da Hausa, likitocin fisiyo da ungozomomi su koyar. A buga takarda shafi ɗaya mai hotuna, har da ajami, mai nuna alamun da ba a tausa a kansu, a wajabta liƙa ta a kowane ɗakin tausa da kowace makarantar da ke koyar da ita. A ba mu ƙaramar takardar tura mara lafiya asibiti, yadda in na aika mace ma'aikaciyar jinya za ta ga abin da na gani ba za ta sa ta a ƙarshen layi ba, kuma ba za a yi mata faɗa don ta fara zuwa wurina ba, domin wannan faɗan ne ke sa mata su ɓoye gaskiya. Masu unguwanni da sarakunan wanzamai da na ɗori sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya, in aka bi ta hannunsu kowa zai fito. Gidajen rediyo kuma su riƙa tace tallar da ke alƙawarin warkar da kowace cuta kafin su karɓi kuɗinta.

Ga masu kiran mu gida, in za ku kira mai tausa ga mahaifiyarku ko matarku, ku fito da katin asibitinta da kwalayen magungunan da take sha ku ajiye a gabanta, mace ɗaya daga cikin dangi ta zauna a ɗakin, kuma in mai tausar ba ta tambayi komai ba ta kama buɗe kwalba, ku dakatar da ita ku gaya mata da kanku. Kai kuma Edita, ina roƙon shafinku na lafiya ya gayyaci likitan fisiyo da likitar mata su yi wa masu karatu cikakken bayani a kan kumburin ƙafar mai jego da kafaɗar mai shanyewar jiki, da hotuna, domin in yanke shafin in liƙa a bangon ɗakina in kuma raba wa yaran da ke zuwa koyo.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka. Wassalam.

Taku,
Wata mai sana'ar tausa,
Cikin birnin Kano.